RustDesk: wata shida ina shiga kwamfutar shago daga gida, ga yadda na same ta

Tun bayan ƙaramar sallah nake son rubuta wannan wallahi, aiki ne bai bari ba. Mutane sun dame ni da tambaya wai da me nake gyara aikin kwastoma ina kwance a gida ko ina kan hanya, to bari na faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Sunan manhajar RustDesk. Kuma kafin wani yace talla aka bani, kyauta ce, ko sisi ba wanda ya bani.

Bari na fara da yadda muke. Muna da ɗan shago na buga takardu, fotokwafi, katin biki, kalanda, da su cike fom ta intanet. Kwamfutar shagon ta tebur ce mai Windows, ita ce haɗe da firinta, kuma CorelDraw da duk fayilolin mutane a cikinta suke. Ni kuma a gida wata tsohuwar laftof gare ni wadda bata cika sharuɗɗan Windows 11 ba don bata da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, to da wa'adin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025 sai kawai na goge ta na zuba mata Linux Mint, ta dawo kamar sabuwa. Sai ƙanwata mai yi mana zane, tana makaranta a wani gari, ita MacBook gare ta ta hannu. Sai wayata Android. Kaga kenan gida huɗu, kowanne da yarensa, kuma ni abinda nake so bai wuce in zauna a gaban ɗaya in ga fuskar ɗayar in riƙa juya linzaminta kamar ina wurin ba.

Da farko abinda ke cikin Windows ɗin na fara gwadawa, wato RDP, tunda nasu ne ba sai ka sauke komai ba. Amma ka sani sai Windows ɗinka Pro ce ko Enterprise ko Education sannan za a iya shiga cikinta ta wannan hanyar, in Home ce ita zata iya shiga wata amma ba a shigarta. Tamu Pro ce, Alhamdulillah. A ɓangaren Linux na sa Remmina, manhajar shiga ta RDP, na rubuta adireshin kwamfutar shagon, sai gani a ciki, kuma gaskiya in kana kan waya-fai ɗaya da ita babu abinda ya kai RDP santsi, rubutu tar-tar, ba jan ƙafa. Masu Mac ma suna da manhajar shiga, wadda a 2024 aka canja mata suna zuwa Windows App. To ina matsalar? Guda biyu. Ta farko, haka aka gina shi, da ka shiga daga nesa fuskar kwamfutar can sai ta kulle, wanda ke zaune a gabanta ba zai ga me kake yi ba, ni kuma rabin buƙatata shine in nuna wa ƙanina mai zama a shagon yadda ake abu yana kallo. Ta biyu ita ce babbar, daga gida ba na iya kaiwa gare ta kwata-kwata.

Nan na ɓata kusan sati ina zargin kaina, ina shiga setin rauta ina buɗe ƙofa ta 3389, wadda RDP ke bi, ina rufewa, ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Mu da yawancinmu intanet ɗinmu na layin waya ne, sim a cikin rauta ko mifi, kuma kamfanonin layi suna haɗa jama'a da yawa a bayan adireshi ɗaya, abinda masana ke kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗaki hamsin lamba ɗaya a ƙofar waje, kai kana iya fita ka je ko'ina, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kawai ba zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba, kuma makullin ƙofar wajen ba a hannunka yake ba. In ka duba adireshin da rautarka ta samu ka ga ya fara da 100.64 ko makamancin haka ko da 10, to kaima a gidan hayar kake, daina wahalar da kanka. Daga baya ma na gode wa Allah da bai yiwu ba, don barin 3389 a buɗe ga duniya kamar barin shago ne ba kwaɗo a kasuwa da dare, masu bibiya sun tuna ɓarakar BlueKeep ta 2019 da ta shafi tsofaffin Windows ta wannan ƙofar.

Sai na koma wata sananniyar manhaja, ba sai na kama suna ba, kyauta ce ga mai amfanin gida amma ta kuɗi ce ga ɗan kasuwa. Ta yi min aiki na ɗan lokaci, rannan ina tsakiyar gyara katin ɗaurin aure sai ta datse ni da saƙon wai tana zargin kasuwanci nake da ita. Na yi ta masifa ni kaɗai a ɗaki, daga baya na yi dariya, to ai gaskiya ta faɗa, kasuwancin nake. Na duba kuɗin lasisinta da kuɗin waje, na lissafa da canjin yau, nace a'a wannan ba da ni ba.

A haka wani abokina mai gyaran kwamfuta yace in gwada RustDesk. Manhaja ce da lambobin gininta ke buɗe kowa na iya dubawa a GitHub, da yaren Rust aka rubuta ta shi yasa sunan, kuma akwai ta Windows, Mac, Linux, Android da iPhone. Kana buɗe ta zaka ga lamba a hagu da kalmar sirri a ƙarƙashinta, a dama kuma wurin da zaka rubuta lambar wadda kake son shiga. Shikenan fuskar. Dabarar da ta sa take tsallake matsalar gidan haya ita ce kowace kwamfuta ita ke fita da kanta ta je ta yi sallama a wata saba, wato kwamfutar da ke kan intanet a tsakiya, tace gani nan lambata kaza, in ka nemi lambar sai sabar ta gabatar da ku kamar dillali, ta yi ƙoƙarin ku haɗu kai tsaye, in hanya ta ƙi sai ta zama ɗan aike tana karɓa daga nan tana miƙawa can, kuma saƙon a kulle yake daga bakinka zuwa bakin ɗayar.

Yanzu ga inda nake son mutane su nutsu, don manhajar ɗaya ce amma kowane gida da kalar ƙofarsa, kuma duk wahalar da na sha a nan na sha ta.

Windows ita ce mafi sauƙi, har sauƙin ya yaudare ni. Fayil ɗin da ka sauke yana buɗewa ya yi aiki ko baka girka shi ba, ni kuma da na ga yana aiki sai na bar shi haka na tafi gida. Da daddare na shiga zan sabunta direban firinta, ina dannawa sai komai ya tsaya cak, linzami ya ƙi motsi. Na kira ƙanina, lokacin yana shirin rufe shago. "Yaya wani abu ne ya fito, fuskar ta yi duhu, yana tambaya Yes ko No." Nace danna Yes ɗin. "To in na tafi fa Yaya, wa zai riƙa danna maka?" Tambayar da ta fi ƙarfina kenan. Wannan akwatin neman izini na Windows an yi shi ne musamman don kar wata manhaja ta danna shi da kanta, to sai ka girka RustDesk sosai, akwai maɓallin girkawa a jikinta, sannan zata riƙa tashi tare da kwamfutar tun kafin a sa kalmar sirrin shiga, kuma ta iya taɓa irin waɗannan akwatunan. Laifina ne, rubutun gargaɗin yana nan ɓaro-ɓaro a gefe ban karanta ba. Bayan nan ka shiga ɓangaren tsaro ka sa kalmar sirri ta dindindin, in ba haka ba waccan ta wucin gadi canjawa take, kullum sai ka kira wani ya karanto maka.

Mac kuwa gidan sarauta ne, ba a shiga sai da iso. Tun macOS Catalina ta 2019 duk manhajar da zata kalli fuskar kwamfuta sai mai ita ya bata izini da hannunsa. Ranar farko na haɗu da ta ƙanwata lafiya lau amma ba aikinta nake gani ba, tana ta cewa "Yaya ga shi nan fa na buɗe zanen, baka gani?" nace ni ban ga komai ba Hajiya. Sai da muka bi ta System Settings, cikin Privacy & Security, ta kunna mata Screen Recording don gani, da Accessibility don juya linzami da rubutu, wani lokacin har da Input Monitoring, sannan ta rufe manhajar gaba ɗaya ta sake buɗewa, sai ga zane ya bayyana. Duka bai fi minti biyar ba in ka san hanya, amma dole wani na gaban Mac ɗin ya yi, baka iya yi daga nesa. Sai rikicin maɓalli, su Command suke dannawa inda mu muke danna Ctrl, hannuna ya saba Ctrl da C, in danna in ga shiru. Akwai wurin da zaka ce ta musanya maka su biyun a cikin setin kibod na zaman, tunda na kunna na huta.

Linux ita ce mai dogon bayani amma zan taƙaita. A Mint na sauke fayil ɗin deb na danna sau biyu, ya hau, ya yi aiki, shiga da fita duka, saboda Mint har yanzu tsohon tsarin nuna hoto na X11 take tashi da shi. Masu Ubuntu ku ne zaku yi hankali, tun fitowa ta 21.04 suka koma sabon tsarin nuna hoto na Wayland, shi kuma Wayland da gangan yake hana manhaja leƙen fuskar kwamfuta ba izini, su kansu masu RustDesk sun rubuta cewa goyon bayansu gare shi na gwaji ne kuma shafin shiga na farko baya kamuwa a kansa. In daga Ubuntu kake shiga wasu ba ruwanka da wannan, matsalar sai in ita ake son shiga ba kowa a gabanta. A 22.04 da 24.04 mafita ita ce a shafin shiga ka danna ɗan hoton giyar inji mai haƙora a ƙasa ka zaɓi Xorg, ko ka buɗe fayil ɗin custom.conf da ke cikin /etc/gdm3 ka cire alamar da ke gaban layin WaylandEnable=false. Ko kuma ka bar RustDesk a nan ka yi amfani da RDP ɗin da GNOME, wato fuskar Ubuntu, ta zo da shi a jikinta tun fitowa ta 42, in duk kuna kan hanyar sadarwa ɗaya.

Waya kuma ta gaggawa ce kawai. Na taɓa turo aiki firinta ina cikin adaidaita, kwastoma na tsaye a shago ƙanina ya rasa inda fayil yake, na shiga na buɗe masa na danna buga, ya kira yace Yaya ta fito. Daɗi kam akwai, amma kar ka ce zaka yi zane da babban yatsa, ido zai yi ciwo. Ka zaɓi yanayin linzami maimakon na taɓawa, ya fi saiti. Masu iPhone ku sani kuna iya shiga wasu da ita amma ba a juya ta daga nesa.

Abinda ba wanda ya gaya min kuma ya shafe mu mu masu rubuta Hausa shine haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. A laftof ɗina na sa kibod ɗin Hausa, ina rubuta su lafiya, amma da na shiga ta shago ina rubuta sunan unguwa a kati sai wani abu daban yake fitowa. Dalili, akwai yanayin kibod uku a ciki, Legacy da Map da Translate. Map wurin maɓallin yake aikawa, wato yace an danna na kaza a layi na kaza, sai kwamfutar can ta fassara da nata kibod ɗin, ita kuma ta shago a Turanci na bar ta. Translate shi harafin kansa yake ƙoƙarin aikawa. To ko ka sa kibod ɗin Hausa a can ma, Windows na da shi, ko ka koma Translate, ko ka yi irin ta malalata irina, ka rubuta a taka ka kwafa ka liƙa a can, tunda abinda ka kwafa yana tsallakawa tsakaninsu ba matsala. Kuma in ka liƙa ka ga ɗan akwati a wurin ƙ, wannan ba ruwan RustDesk, salon rubutun da ka zaɓa ne bashi da harafin, canja wani. Mun kusa buga kati ɗari uku da akwati a tsakiyar sunan amarya, Allah ya sa ƙanina ya lura.

Maganar sauri da data. Akwai zaɓi uku na hoto, mai kyau, matsakaici, da wanda ke fifita saurin amsawa, har da na huɗu da zaka saita da kanka. In sabis ya yi ƙasa, musamman da yamma bayan magariba da kowa ya hau, na ukun nake sawa, hoton ya ɗan dushe amma linzami na bin hannu. Akwai wani ɗan allo da zaka kunna a kusurwa yana nuna maka gudun data da jinkiri da irin matsin hoton da ake amfani da shi, VP9 ne ko AV1 ko H264, yana da amfani sosai don da shi zaka gane ko naka sabis ɗin ne ko na can. Ka kashe sauti in baka buƙata, ka cire hoton bangon kwamfutar can ka sa launi ɗaya, kar ka kunna bidiyo ta ciki, datarka zata yi auki. In fuskar a tsaye take kana karatu kawai kusan ba ta shan komai, jan shafi sama da ƙasa da zuƙo hoto su ke cinye ta. Gargaɗi ga 'yan uwana masu buga kati, kar ka yanke hukuncin kala ta nesa, hoton da kake gani matsattse ne kuma fuskarka daban da ta can, jan da ka gani ba lallai shi zai fito a takarda ba, sa na wurin ya buga ɗaya ya duba. Tura fayil kuma taga ce mai gida biyu, naka a hagu nasu a dama, ka zaɓa ka aika, ba ruwanta da wai wannan Mac ce waccan Linux.

Duk wannan fa in akwai wuta ne. Ba manhajar da zata shiga kwamfutar da ke kashe. Abinda na yi, na hana ta shago yin barci a setin wuta, na shiga BIOS, wato setin da ake shiga kafin Windows ta tashi, na kunna abin nan da ke sa ta tashi da kanta in wuta ta dawo, a wasu ana kiransa AC Recovery a wasu Restore on AC Power Loss, sannan rauta na ɗora ta kan ƙaramin batiri. Yanzu in an ɗauke an dawo, minti biyu zuwa uku sai in ga ɗigon da ke gefen lambarta ya koma kore.

Sabar da kowa ke hawa kyauta ce, jama'ar duniya ne a kanta, kuma su da kansu suna rubuta maka a ƙasan manhajar cewa in kana son sauri ka kafa taka. Wannan shine abinda ya bambanta ta da sauran a wurina, an baka damar ka zama dillalin kanka. A wata na huɗu ni da abokin nan nawa muka kama 'yar ƙaramar saba ta haya, dala kaɗan a wata muna rabawa, muka ɗora shirye-shirye biyu, hbbs mai haɗa lambobi da hbbr ɗan aiken, muka buɗe ƙofofi daga 21115 zuwa 21117 na TCP da 21116 na UDP. Tana tashi zata haifar da makulli a wani fayil mai suna id_ed25519.pub, shi zaka kwafa ka sa a kowace na'ura tare da adireshin sabar. Kowace fa, har waya, don wadda ke kan sabarka da wadda ke kan ta jama'a basa ganin juna, na manta ban sa wa ta ƙanwata ba muka yi rabin awa tana karanto min lamba ina cewa ba ta nan. Wanda bai saba da baƙin allon umarni ba kar ya tsorata, ba dole bane, wata uku na yi ba tare da ita ba ina aikina.

Sai maganar da ta fi duka. Wannan abu makullin gidanka ne. Duk wanda ka ba lamba da kalmar sirri ya zauna a kujerarka, zai ga hotunanka, zai buɗe burauzarka da duk inda ka bari a shige. 'Yan damfara a duniya sun daɗe suna amfani da irin waɗannan manhajoji, su kira ka wai daga banki ko wai zasu gyara maka asusu, su ce sauke kaza ka karanto mana lambar da ka gani. Na zaunar da ƙanina na gaya masa ko wa ya kira, ko da sunana ya zo, kar ya karanta wa kowa lambar nan. Ka sauke ta daga shafinsu na rustdesk.com ko GitHub ɗinsu kawai, ka sa doguwar kalmar sirri ba sunan ɗanka da shekarar haihuwa ba, ka kunna tabbaci na biyu mai lambobin da ke canjawa a waya, ka sa ta riƙa kulle kwamfutar in ka fita. In taimakon wani zaka yi sau ɗaya, bar shi a kan ta wucin gadi, ya danna amincewa da hannunsa, kuma yana iya kashe maka izinin fayil ko na kibod yana kallo.

Wanda Gmail kawai gare shi kuma baya son dogon turanci, Chrome Remote Desktop ma na yi, lambar sirri shida ka sa ka wuce, sai dai setinta kaɗan ne. Wanda duk kwamfutocinsa Windows Pro ne kuma ba ya buƙatar na can ya ga me yake yi, ya haɗa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka kamar suna kan waya-fai ɗaya, da RDP, zai fi samun rubutu mai kyau. Amma mai tarkace irin nawa, wannan Windows waccan Mac ga Linux ga waya, kuma duk a kan layin sim, ni dai RustDesk na tsaya. A jerin yarukanta na ga Faransanci da Larabci, 'yan uwa na Nijar da Chadi zasu ji daɗin wannan, Hausa ce ban gani ba, kuma tunda a buɗe take fassarar fayil ɗaya ce, na ce wa abokina in mun samu sarari bayan babbar sallah mu zauna mu gwada, shi yana ta gardama wai me zamu kira relay, nace ɗan aike mana.